Lambar Tsallake a Hannun Ɗan Murja

Shekara goma sha ɗaya muna zaune da Murja a layi ɗaya a Maigatari, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma a duk shekarun nan ban taɓa ganin ta yi shanya inda ido zai kai ba. Ko barkono za ta shanya sai ta kai bayan ɗaki. In baƙuwar fuska ta shigo layi ana tambayar gidan wani, ita ce farkon mai jan ƙofa. In aka zo rabon gidan sauro ana rubuta sunaye, sai ta ce ita sauro ba ya cizonta. Ƙarya ce, ni nake ba ta maganin zazzaɓi.

Sunana Felicia, amma kowa Sista yake ce mini, don aikin jinya na yi har na yi ritaya. Daga kudancin Kaduna aka kawo ni tun Jigawa tana cikin jihar Kano. Na yi Gumel, na yi Sule Tankarkar, na ƙare a nan. A nan na haifi autana, a nan mijina ya rasu. Rabin samarin garin nan ni na yanke musu cibi, amma in aka zo rabon gurbin aiki ko na karatu sai a tuna ni baƙuwa ce, a faɗa mini cikin ladabi. Saboda haka ni ma ba wai na yarda da mutane ba ne. Bambancina da Murja, ni ina iya dariya da mutum ina zarginsa, ita ba ta iyawa.

Labarinta a gutsure na same shi, wani daga bakinta in ta manta ta saki jiki, wani daga bakin ɗanta. An haife ta a wani ƙauye yamma da Maigatari, daf da iyaka. Ba zan faɗi sunansa ba, ta isa jin haushina haka nan. Gonar mahaifinta rabi tana Najeriya rabi tana Nijar, ginshiƙin iyakar yana tsakiyar gero, a jikinsa suke ɗaure jaki. Rijiyar da ta fi ruwa mai daɗi tana tsallake, kakarta ta wajen uwa ma can take. Har ta yi aure ba ta san in ta je ɗiban ruwa ƙasar waje ta je ba.

Mijinta Hussaini ɗan garinsu ne, mai rakiyar shanu. Ranar Alhamis in kasuwa ta ci aka loda shanu a tirela, shi da ire-irensa suke hawa saman katako su yi kwana biyu a kai har Kudu, suna ta da duk wadda ta kwanta don kada sauran su tattake ta. Da damina Murja ta haifa masa ɗan fari, aka sa masa Habibullah. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce “yaron nan”, har ya yi gemu. Bayan suna aka ce a kai shi allurar jarirai. Hanyar Maigatari ruwa ya cinye ta, asibitin tsallake kuwa ko awa ɗaya ba a yi a ƙasa. Ta goya shi ta bi sauran mata.

To mu a nan, allurar farko mai barin tabo, wadda ake cewa lamba, a saman hannu muke yin ta kusa da kafaɗa. Su can a ƙasa suka yi masa, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, yadda suka saba. Ruwan allurar ɗaya ne, ciwon da take karewa ɗaya ne. Wurin tabon kawai ya bambanta, kuma a ranar babu macen da ta damu da wannan.

Habibu yana shekara goma sha biyu tirelar da Hussaini yake kai ta kife a hanyar Kudu. Can aka binne shi. Mai shanun ya zo ta'aziyya, ya fi daɗewa a kan maganar bijimansa fiye da ta mamacin. Sauran 'ya'yan da ta haifa ba su tsaya ba, gonar kuma ta 'yan uwan miji ce. Da ta gama takaba ta kama hannun yaron suka taho Maigatari, ta kama ɗakin da ke jikin nawa.

Aikin zoɓo ta samu. Wanda bai taɓa shiga siton zoɓo ba gani yake abin sha ne kawai mai daɗi da ƙanƙara. Mata ne zube a ƙasa tun safe, kowacce da tsumma a hanci, ana tsince tsakuwa da ƙirare da gurguzu. In ta dawo da yamma tafin hannunta jawur, yawun da take tofarwa ma ja ne. Zoɓon nan da yawa daga tsallake yake shigowa a bayan babura da amalanke, amma da zarar an juye shi a sabon buhu an buga masa tambari ya zama ɗan ƙasa, ya hau babbar mota ya tafi ƙasashen da Murja ko sunansu ba ta taɓa ji ba. Mai siton, Alhaji Abdulfatah, shi ma haka. Kowa ya san a Damagaram aka haife shi, can iyayensa suke, can yake zuwa sallah. Ɗansa Zayyad, sa'an Habibu, a can aka haife shi shi ma. Ya yi karatu a Masar, ya dawo aiki yana jiransa a Abuja. Ban taɓa jin wani ya ce wa Zayyad ya naɗe hannun riga ba.

Ba ta daɗe da fara aikin ba abin da ya sauya ta ya faru. Ta shiga mota za ta Gumel dubiya, a wani shinge masu kaki suka ce kowa ya nuna kati. Ba ta da shi, ba ta ma san ana buƙatarsa don zuwa Gumel ba. Suka dubi ɗaurin zanenta da tsagar fuskarta suka ce ta sauko. Aka tambaye ta sunan dagacinsu ta faɗa, aka tambaye ta sunan gwamna ta yi shiru. Daga hantsi har la'asar tana zaune a gindin wata darbejiya ana ce mata 'yar Nijar. Tana nan zaune motar Alhaji Abdulfatah ta zo wucewa, suka ɗaga masa hannu, ko gilashi bai sauke ba. Sai da wani direba da ya san mijinta ya rantse musu suka sake ta. Daga ranar ta canja ɗaurin zane, ta daina cewa lakwal ta koma cewa makaranta, ta daina zuwa bikin danginta na tsallake.

Ni kuma da bakina na ƙara mata. Habibu yana shekara goma sha huɗu zazzaɓi ya kayar da shi, na shiga in sa masa ƙarin ruwa. Ina neman jijiya na ga tabon, na yi dariya na ce, “Au, ashe lambar Faransa ce da kai, ɗan Nijar!” Wasa nake, irin wanda muke yi a asibiti kullum. Na ɗago kai na ga Murja ta ƙame.

“Wa ya faɗa miki?”

“Babu wanda ya faɗa mini, Murja, a hannunsa na gani.”

“Dama ana ganewa?”

“Duk wanda ya yi aikin asibiti zai gane mana.”

Tun daga lokacin ban ƙara ganin yaron da riga mai gajeren hannu ba, ko a tsakiyar bazara da ƙasa take ƙona ƙafa. Katin allurar mai rubutun Faransanci kuwa, daga baya ya faɗa mini a murhu ta jefa shi.

Yaro ya tashi dogo, marar surutu, ga gudu. Da zoɓon nan ta kai shi har kwaleji a Gumel, ya fito da takardar koyarwa. Shekara uku yana yawo da ita a leda. Ya koyar a wata makarantar unguwa da albashinta ba ya zuwa sai mai makaranta ya ga dama. Ya yi acaɓa da babur ɗin wani, sai aka rufe iyaka, acaɓan ma ya mutu. Abokansa ɗaya bayan ɗaya suka bi ta Agadas, wasu Aljeriya wasu Libiya, suna turo hoto sun jingina da motocin da ba nasu ba. Waɗanda ba su turo hoto ba, ba a maganarsu. Ya ce shi ma zai tafi. Murja ta ce Kudu ta cinye mata miji, ba za ta miƙa wa Sahara ɗa ba.

Ana cikin wannan ja-in-ja aka buɗe ɗaukar wani aikin ɗamara na tarayya. Suka yi alkawari tsakaninsu: in ya samu ya zauna, in bai samu ba ta sake shi ya tafi, ba kuka ba baki. Ya je shagon kwamfuta ya cika fom. Cikin ikon Allah sunansa ya fito cikin waɗanda za a tantance a Dutse. Ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya, ta dagaci, ta hakimi, ta ƙaramar hukuma, ga katin ɗan ƙasa. Duk na gaskiya ne, don yaron nan ɗan Najeriya ne kamar kowa, kakansa ma a gefen nan na gero aka binne shi.

Sai magana ta tashi a sito. Wata Kande, wadda ko Dutsen ba ta taɓa zuwa ba, ta ce ita ta san yadda ake yi: tuɓe su ake yi, duk mai lamba a ƙasa a tisa ƙeyarsa, wani ma a rufe shi. Ta ce ɗan wan mijinta haka aka yi masa. Babu wadda ta tambayi sunan ɗan wan mijin nan, don labari mai ban tsoro ba a cika bincikensa a sito ba.

Ran nan da la'asar ina tsintar shinkafa sai ga Murja a bakin ƙofata. Ta tambayi gajiya, ta tambayi ciwon ƙafata, har kajina ta tambaya, abin da ba ta saba ba.

“Sista, wai tabo yana ɓacewa?”

“Wane irin tabo?”

“Tabo dai.”

Kafin in amsa, autana Chris ya fito daga ɗaki da fayil a hannu, ya gaishe ta ya wuce. Ta bi fayil ɗin da ido har ya fita.

“Shi ma ya cika?”

To a nan ni ma nawa halin ya motsa. Chris a Maigatari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, amma nan ba za a ba shi takardar ɗan asali ba. Sai da ya je garinmu, inda bai taɓa yin wata guda ba, yarenmu ma a karkace yake jinsa, aka sha fama kafin a sa masa hannu. Kullum tsorona kada wani ya rubuta takarda a ce shi ba ɗan can ba ne, ba ɗan nan ba. Sai na ce a raina, wato leƙen asiri ya kawo ta, shi ya sa ake tambayar kaji. Na haɗe rai na ce, “Ya cika. Akwai magana ne?”

“Babu,” ta ce. “Allah ya ba da sa'a.”

Ta juya ta tafi da tunanin ɗana da ɗanta gurbi ɗaya suke nema, don ba ta san kowace jiha da nata kason ba. Ni kuma na zauna ina jin na kori 'yar rahoto. Da na ajiye tiren shinkafar nan na bi ta, minti biyu sun isa in faɗa mata ta bar hannun yaro yadda yake.

Ranar Juma'a ta ce za su ƙauye neman albarkar manya. Ashe wurin tsohon wanzamin da ya yi wa Habibu askin suna ta kai shi. Habibu ya yi gardama, ya ce Inna takarduna sun isa. Ta fashe da kuka ta ce ita aka zaunar a gindin darbejiya, ba shi ba, ita ta san mutanen nan. Ya miƙa hannu. Tsoho ya sa aska ya kankare tabon ƙasa har nama, sannan ya gasa kan ƙusa a wuta ya ɗana masa kusa da kafaɗa, don a samu lamba irin ta Najeriya. Ya shafa toka da wani mai, ya ce kwana goma an warke. Saura kwana goma sha biyu a tafi Dutse.

Duk wannan daga baya na ji shi. Abin da na gani da idona, bayan mako guda Habibu ya zo wucewa yana riƙe da hannu kamar mai ɗauke da ƙwai, kuma hancin mai jinya ba ya ritaya. Na ce, “Habibu, zo in ga hannun nan.” Har ya tako, sai muryar uwarsa daga ciki: “Maruru ne, ya fashe. Mun gode.” Ta ja shi ta rufe ƙofa. Na ce a raina, can ta matse muku. Shekara talatin da biyar ina aikin nan, na ji warin ciwo na juya baya don an ɓata mini rai. Wannan ban yafe wa kaina shi ba.

Ranar tantancewa da azahar wayata ta yi ƙara. Cynthia ce, wata da na koya wa aiki a Gumel, tana cikin ma'aikatan lafiyar da aka ɗauko don duba masu neman aikin. Ta ce ta ga sunan layinmu a takardar wani dogon saurayi. Ya yi gudu ya zo cikin na farko da hannunsa a ɗaure. Da aka zo duba jiki aka ce kowa ya cire riga, babban jami'in ya ce a kwance ƙyallen. Ƙasa ciwo ne ɗanye yana ruwa, sama ƙuna ce zagayayya, har zanen kan ƙusa ana gani. Ya tambaye shi wa ya yi masa wannan, kuma me yake ɓoyewa. Aka ce mai ɗanyen ciwo ba ya wucewa, balle wanda ya zo da lambar bogi. Aka zare shi daga layi a gaban mutane.

“Abin da ya fi ƙona mini rai, Mama,” in ji Cynthia, “kafin shi mutum bakwai sun wuce da lamba a ƙasa, 'yan Maigatari da Sule Tankarkar. Mutumin takardar hakimi kawai yake dubawa, ya tambayi sunan ƙauye, ya ce a wuce. Ya ce shi ma ya san mutanen bakin iyaka. Wa ya ba yaron nan wannan shawarar?”

Na yi mata godiya na kashe waya. Ban ce da ya wuce a ranar shi ke nan ya samu aiki ba. Tantancewa daban, sunayen ƙarshe daban, kuma na san yadda ake haɗa su, Habibu ba shi da mai ɗaga masa waya. Amma ƙofar farko a buɗe take, kuma ba wani ne ya rufe masa ita ba.

Washegari da hantsi, Murja tana sito, Habibu ya yi sallama ya shigo. Ya zauna ya naɗe hannun riga. Na dafa ruwa na fara wankewa, yana cije baki.

“Me ka faɗa mata?”

“A bakin ƙofa ta tare ni, ta ce sun gane? Na dubi fuskarta, Mama, na kasa. Sai na ce ba a ma kai ga duba jiki ba, wai wani ne ya kai rahoto cewa ni ɗan Nijar ne.”

“Wani wa?”

“Ban kama suna ba.” Ya sunkuyar da kai. “Ita ta kama.”

Na ajiye almakashi. Raina ya yi mugun ɓaci. “Ni? Ni da na raine ka da allura da magani? Tashi mu je siton yanzu, a gaban Kande da kowa za ka faɗi abin da ya faru.”

“Mama, don Allah.” Bai tashi ba. “Ke kina da Chris, kina da fansho, kina da mutanen cocinku. In ta zarge ki za ki ji ciwo, amma za ki tashi. Ita ba ta da komai a duniya sai cewa ta yi mini iyakar ƙoƙarinta. In aka karɓe wannan me ya rage mata?”

Ban yi masa alkawarin komai ba. Na ce miƙo hannun. Sati biyar yana zuwa a ɓoye ina wanke masa, har ya rufe ya bar wani shafcecen tabo da ya ninka na da sau biyar.

A satin nan biyar na ga yadda magana take tafiya ba ƙafa a layinmu. Murja ta daina amsa gaisuwata. In na zo famfo sai hira ta tsaya. Matar da kullum take kawo mini jikanta in duba ta koma kai shi kemis. Babu wadda ta faɗa mini a fuska, sai dai in ji ana cewa baƙo dai sai a hankali. Sau uku ina sa takalmi in je in fasa ƙwan, sau uku ina cirewa. Ba don kirki ba, gaskiya, jira nake yaron ya tafi in wanke kaina.

Ranar wata Alhamis ya tafi, cikin motar 'yan kasuwar da ke komawa Damagaram, daga can ya nufi Agadas. Murja ta cika alkawari, ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da yaji, ta raka shi bakin titi ta dawo ta wuce sito.

Bayan wata biyu sunaye suka fito. Chris ya samu, kuma ba zan ɓoye ba, wani ƙanin mijina da ke Abuja ya yi waya. Ko guɗa ban bari an yi a gidana ba, amma layi ya ji, aka ce to ga shi nan, magana ta fito. Sai dai akwai wani sunan da ya fito wanda ban yi lissafi da shi ba. Jikan limamin ƙauyensu Murja ne, ɗan talaka fitik. Kowace shekara akan bar ɗaya ko biyu irinsa su shige, ina jin don a samu abin nunawa.

Kwana huɗu ban ga Murja ta fita sito ba, ban ga hayaƙi ta saman katanga ba, ban ji motsin kwano ba. A rana ta biyar da safe ina ba kaji dusa na ji sallama a hankali. Ta rame, ɗankwalin ma a karkace. Ba ta zauna ba, ta dafa bango.

“Sista, jikan liman ya samu.”

“Na ji.”

“Rana ɗaya muka kai su allura ni da uwarsa. Tare muka tafi, tare muka dawo. Lambarsa a ƙasa take, ba wanda ya taɓa masa ita.” Ta dube ni. “Ya zo ƙauye ya ce an cire musu riga, an gani, an ce ya wuce.”

Na ajiye kwanon dusar.

“To in ba wani ne ya kai rahoto ba, ashe ke nan...” Ba ta ƙarasa ba. Ta buɗe tafukan hannunta tana kallo, jan zoɓon har ya fara koɗewa. Sannan ta ɗago. “Ki faɗa mini don girman Allah. Ke ce?”

Wata uku ina jiran ranar da za a tambaye ni in wanke kaina, ga lambar Cynthia a wayata, dannawa ɗaya ce. Amma na yi jinyar mutane da yawa, na san idon wanda ya daina cin abinci da gangan. Matar nan ba gaskiya ta zo nema ba, roƙona ta zo yi in ce e. Yaronta yana wani wuri a bayan Agadas, sati biyu ba a ji daga gare shi ba, kuma ita kaɗai ce a ɗakin nan da wannan tunanin. Na ji tausayinta, na ji haushinta, na ji tsoron Allah a kan ƙaryar da zan yi.

“Ni ce,” na ce. “Tsoro na ji kada ya tare wa Chris hanya. Ki yafe mini.”

Ta ja wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauko, ta saki bangon ta tsaya da ƙafarta.

“Dama na sani,” ta ce. “Tun ranar da kika yi dariya na sani. Ban yafe ba, Sista. Allah ya isa tsakanina da ke.”

Ta gyara ɗankwali ta fita. Ba a jima ba na ji tana faskare, hayaƙi ya taso ta saman katanga, na ji ƙamshin daddawa. Washegari da safe ta zo wucewa ta ƙofata za ta sito, na gaishe ta, ta tofar da yawu ta wuce da ƙarfinta.